Ƙuri'ar Tsingaro da Gashin Bakin Maigida

Ni dai karatuna bai wuce aji huɗu na elemantare ba, shi ma na huɗun ban ƙarasa ba, domin a tsakiyar shekara ni da malamin lissafi muka fahimci juna, muka rabu lafiya. Amma in ana zancen mulkin Girkawa, na dā da na yanzu, ba na matsa wa kowa a tabarma. Yaranmu masu digiri a nan Greensboro a littafi suka karanta. Ni kuwa a kaina aka gwada shi, saura ƙiris ya yi awon gaba da tukunyar gidana.

Masaƙar da nake wa aiki a Kaduna ce ta turo mu nan a ƙarshen shekarun saba'in, mu koyi sarrafa wani sabon injin saƙa, tunda a lokacin garin nan garin masaƙu ne. Muka koya. Kafin mu gama sai labari ya zo cewa injin da za a saya ba a saya ba tukuna. Abokan tafiyata suka koma gida, ni kuma na ce bari in ɗan dakata in ji ko za a saya. Har yau ina dakon labarin.

Cikin wannan dakon na samu aiki a wani ɗan gidan abinci a kan High Point Road, titin da yanzu suka sauya wa suna saboda rashin aikin yi. Mai gidan abincin Bagirke ne, gajere mai faɗin ƙirji, ya baro wani ƙauyen duwatsu a kudancin ƙasarsu tun yana saurayi. Ba zan faɗi sunansa ba. Ban taɓa faɗa ba, a gabansa ko a bayansa. Mutumin da ya ɗauke ka aiki ba ka san bambancin hambaga da sanwic ba, ya kuma saya wa ɗanka takalmin sanyi ba ka roƙa ba, ya zama uba, uba kuwa ba a kama sunansa. Maigida nake ce masa, har ya koyi amsawa.

Abin da ido ke fara gani a jikinsa gashin baki ne. Baƙi wuluk, mai kauri, ƙarshensa biyu a murɗe sama kamar ƙahon bauna. Kowace safiya sai ya shafa masa man zaitun a gaban madubin da ke bayan kanta. Yana kuma da wani ɗan carbi ruwan ɗorawa da ba ya rabuwa da hannunsa. Na daɗe ina ganin girmansa, ina cewa bawan Allahn nan bai gajiya da ambaton Ubangiji. Ashe carbin ba na addu'a ba ne, na huce haushi ne kawai.

A wurin Maigida, duk abin da ke duniya Girkawa ne suka ƙirƙiro: likitanci, lissafi, tsere, wasan kwaikwayo, gardama. Gardamar dai na yarda. Wata rana wani ya zo daga gida ya kawo mini kilishi, na ɗan sam masa. Ya tauna, ya lumshe ido, ya ce kakarsa tana yin irinsa sak. Amma abin da ya fi taƙama da shi dimokuraɗiyya ce.

Ya kan ce, "Ɗana, tun sauran duniya na yawo da warki, mu a birnin Atina muna taruwa a kan tudu muna ɗaga hannu."

In ce, "Maigida, ai mu ma muna da masu zaɓen sarki."

"Mutum nawa?"

"Huɗu. Wani wurin biyar."

"Ka ji. Mu duk gari."

Ko a kicin ba ya barin al'adar kakanni ta mutu. Da yamma sai ya sa a ɗaga hannu a kan miyar da za a yi gobe. Kowa ya ɗaga, ya ƙirga da kyau, gobe ya dafa wadda ya ga dama. In an yi magana ya ce jama'a sun faɗi ra'ayinsu, shi kuma ya fassara.

Mu uku ne ma'aikatansa. Ni ina kan ƙarfen suya. Akwai mai kai wa mutane abinci, baƙar fata 'yar ƙasa, bazawara mai 'ya'ya biyu, wadda nake ce wa Anti, bakinta ya fi wuƙar yankan albasa kaifi. Sai wani dogon Bature mai wanke-wanke, daga ƙauyen McLeansville yake zuwa a wata tsohuwar akori-kura, kullum taba a kumatunsa, yana jinyar uwarsa a gida. Ban da mu akwai matar Maigida, Madam, wadda ke zama a wurin karɓar kuɗi. Sai uwar Maigida, tsohuwa cikin baƙaƙen kaya tun ranar da mijinta ya rasu, tana zaune bakin ƙofar baya tana naɗe shinkafa a ganyen inabi. Ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya, ni ba na jin Girkanci, saboda haka ba mu taɓa saɓawa ba. Kullum da safe in durƙusa in gaishe ta da Hausa, ta amsa da yarensu, ta cusa mini zaitun a hannu.

Sanyin da ya kawo mana fitina shi ne na lokacin da sojoji suka sake karɓe mulki a gida Najeriya. Maigida ya ji a rediyo, ya zo har gaban ƙarfen suya ya yi mini ta'aziyya kamar an yi mini mutuwa. Ya ce su ma kanar-kanar sun hau kansu shekara bakwai, kafin su faɗi ƙasa warwas, jama'a kuma suka fita suka jefa ƙuri'a suka ce sarki ma ba sa so. Ya dafa kafaɗata ya ce in yi haƙuri, ba kowace ƙasa aka haifa da baiwar ba.

Ta'aziyyar da ta fi dacewa da ni ba wannan ba ce. A tsallaken titi an buɗe wani sabon gidan abinci, irin masu rassa a ko'ina, mai fitilu ja da rawaya, inda mutum ko fitowa daga mota ba sai ya yi ba. Kwastomominmu suka fara ragewa. Gaskiyar magana kuma, ko kafin tsallake su zo, akwai ɓeran da ke cin rumbu a cikin gida, kuma ɓeran nan yana da gashin baki. Duk wanda ya shigo ya ce yana son ƙasar Girka, ya ci kyauta. Akwai wani likita daga unguwar masu kuɗi ta Irving Park, mai gida kamar fada, da ya taɓa zuwa hutu tsibiransu sau ɗaya, ya shekara yana cin wannan hutun a teburinmu. 'Yan jami'a masu riguna da baƙaƙen Girkanci a ƙirji kuwa, sai ya tsayar da su ya ce su karanta, su kasa, ya yi musu wa'azi, sannan ya cika musu faranti don ya ji tausayin jahilcinsu. Wanda kuma ya yi kuskuren kiran kofin da muke dafawa kofin Turkawa, ko da kuɗinsa a hannu, har bakin titi ake raka shi.

Madam ta ce dole a sallami ma'aikaci ɗaya. Ta faɗa da Girkanci a kicin, amma akwai maganar da ba ta bukatar tafinta: ta ɗaga yatsa uku, ta lanƙwashe ɗaya. Maigida ya kwana biyu yana kaɗa carbi. Ba zai iya ba. Ya ce a ƙauyensu wanda kuka ci gurasa da gishiri tare ba a nuna masa ƙofa. Madam ta ce to ya nemi yadda za a yi, ita dai kafin ƙarshen wata.

Sai ranar wata Litinin dogon mai wanke-wanke ya zame da tulin faranti a hannu. Tangaran ya watse a ƙasa. Muka yi tsit muna jiran tsawa. Maigida ya sunkuya, ya ɗauki tsingaro ɗaya, ya juya shi, fuskarsa ta washe kamar wanda ya tsinci dami a kala.

Ya ce, "Kada a share. Kakannina sun aiko da amsa."

Ya tara mu ya yi bayani. A Atina ta dā, in ji shi, in gari ya gaji da wani mutum, ba a kai shi gaban alƙali, ba a ce ya yi laifi. Ana taruwa ne a kasuwa, kowa ya ɗauki tsingaron fasasshiyar tukunya ya kankara sunan wanda yake so ya bar gari. Wanda sunansa ya fi yawa ya tattara ya tafi, shekara goma, amma ba a taɓa gidansa ko gonarsa. Ya ce mu ma haka za mu yi ranar Lahadi bayan an rufe da rana. Ta haka ba shi ya kori kowa ba, jama'a ce.

Anti ta ce, "Wa da wa ke jefawa?"

"Bisa tsarin Atina, mata ba sa jefawa. Baƙi ma ba sa jefawa."

Anti ta riƙe ƙugu. "Baƙi? Duk ɗakin nan ni da wannan dogon ne kawai aka yanke wa cibiya a ƙasar nan. Ni mace ce, shi kuma ya fasa maka faranti. In ka ƙara tacewa sai ka ga kai kaɗai ka rage."

Madam ba ta ɗaga kai daga abin da take yi ba, ta ce, "Mutum ɗaya ya yi zaɓe shi kaɗai. Mun san sunan wannan tsarin. Sai mu sayo maka kakin kanar."

Da a ce ta zage shi ta uwa ta uba da ya fi masa sauƙi. Gashin bakin ya yi rawa. Nan take ya yi wa tsarin mulki gyara: kowa zai jefa, mata da baƙi, har tsohuwa. Mu shida ke nan.

Na koma gida da wannan labari. Mai ɗakina ba ta fi shekara biyu da zuwa ba, ga yaro ƙarami, ga kuma wani cikin ya tsufa. Ɗakuna biyun da muke haya a bayan titin, aikin nan ne ke riƙe da su. Ba ni da takardar makaranta, Turancina na kicin ne, masaƙun garin ma a lokacin rage mutane suke yi, ba ɗauka ba. In aka kore ni, ban san ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba a cikin wannan sanyi.

Ta gama saurara, ta ce, "Malam, wannan wace irin ƙuri'a ce, wanda ya ci shi ne ya faɗi?"

Na ce, "Ta Girkawa ce. Su suka ƙirƙiro abin, suna da ikon juya shi."

"To yanzu me za ka yi?"

"Kamfe."

"Kamfen kada a zaɓe ka?"

"Ke dai ki yi addu'a. Siyasa ba a koya wa mutumin Kaduna."

Na san siyasa, na ga yadda ake yin ta tun ina yaro. Ba a zuwa neman goyon baya hannu rabbana. Akwai goro da wani ɗalibi ya kawo mini, ina lallaɓa shi a jiƙaƙƙen tsumma a ƙasan firji kamar jariri. Na zaɓi manya biyu farare. Washegari na sami dogon mai wanke-wanke a bayan kicin, na gaishe shi, na tambayi jikin tsohuwarsa, na miƙa masa ɗaya da hannu biyu. Ya juya shi, ya tofar da tabarsa, ya jefa goron gaba ɗaya a baki ya tauna da ƙarfi, don a zatonsa alewa ce.

Ban taɓa ganin Bature ya canza launi sau uku a jere ba sai ranar. Ya ruga famfo yana kurkure baki, yana kallona ta gefen ido.

Ya ce, "Mene ne wannan? Me na yi maka?"

Na ce, "Girmamawa ce. Da shi ake neman aure a wurinmu."

"Ba mamaki kuka gudo."

Duk da haka na kawo masa maganar: ni da shi maza ne, mu haɗa kai mu rubuta Anti. Ya gyaɗa kai yana share hawaye. Da yamma na sami Anti, ita ba ta ci goron ba, ta naɗe a takarda ta ce za ta nuna wa faston cocinsu. Na kawo mata maganar: ni da ita fatarmu ɗaya, mu haɗa kai mu rubuta dogon. Ta ce, "Allah sarki, ɗan uwana na Afirka." Na koma gida na ce wa mai ɗakina an gama, jam'iyyu biyu duk a aljihuna suke.

Ranar Juma'a na shiga ɗakin ajiya ɗauko albasa, na ji muryarsu ta bayan labule. Anti na cewa, "Ni ma haka ya ce mini." Dogon na cewa, "Ni har guba ya ba ni." Na fito da albasa a hankali. Ashe a zaɓen kora, wanda ya fi yawo shi aka fi tunawa. Da na zauna a gaban ƙarfen suyata na yi shiru, da ba wanda ya tuna ina da suna.

Na lissafa abin a zuci. Biyu sun tafi. Madam kuwa ta sha cewa ina zuba nama da yawa a sanwic. In ta ƙara tata, shi ke nan. Daren Asabar mai ɗakina ta yi tuwo, na kasa ci. Ta dube ni ta ce, "Ina jam'iyyun?" Na ce an yi juyin mulki.

Lahadi da rana, bayan 'yan coci sun ci sun watse, Maigida ya juya allon ƙofa, ya haɗa tebura biyu. Ya sa farar riga da kwat, gashin baki ya sha mai har yana ƙyalli. Ya ajiye babbar tukunyar miya a tsakiya, ya raba mana tsingaro ɗaya ɗaya da baƙin alƙalamin da muke rubuta kwanan wata a jikin robobi. Sannan ya yi jawabi. Ya ce mu sani ba ƙananan mutane ake kora a Atina ba, manya ne, jarumai da masu faɗa a ji, waɗanda inuwarsu ta rufe ta kowa. Saboda haka wanda ya fito kada ya ji kunya, girma ne. Na ce a raina, Allah ya raba mu da irin wannan girma.

Kowa ya juya baya yana rubutu. Ni na riƙe tsingaro, hannuna ya ƙi. In rubuta dogon, ina tuna ranar da yarona ya yi zazzaɓi, shi ya kai mu asibiti a akori-kurarsa cikin dusar ƙanƙara. In rubuta Anti, ina tuna 'ya'yanta biyu da ke zuwa su yi aikin makaranta a teburin ƙarshe. Su sun rubuta ni, na sani, amma ni na kasa.

Sai na ji an taɓa gwiwata. Tsohuwa ce, tana zaune kusa da ni. Ba ta iya rubutu ba, ko na yarensu. Ta ɗan karkato tsingaronta a ƙarƙashin tebur don in gani. Ba harafi ko ɗaya. Zane ne: baƙin layi mai kauri, ƙarshensa biyu a murɗe sama. Ta dube ni, ta dubi ƙofa, ta ɗaga gira.

Ban taɓa tunanin ana iya wannan ba. Amma na tuna shi da bakinsa ya ce manya ake kora, bai kuma taɓa cewa sunan ma'aikaci kawai za a rubuta ba. Ga kuma uwa ta shige gaba, bin na gaba kuwa bin Allah ne. Matsala ɗaya ta rage: sunan Maigida. Bakina bai taɓa kama shi ba, ba kuma a kan fasasshen faranti hannuna zai fara ba. Kunya ta hana ni rubutawa, yunwa ta hana ni bari. Sai na bi sawun tsohuwa, na zana nawa gashin bakin, na murɗe shi da kyau, na jefa a tukunya.

Madam ce ta buɗe. Ta zaro na farko, sunana. Na biyu, sunana, da irin rubutun dogon mai kama da sawun kaza. Anti ta dubi silin, dogon ya dubi takalminsa. Na uku na Maigida ne da kansa: sunan gidan abincin tsallake ya rubuta, da manyan baƙaƙe.

Madam ta ce, "Wannan ba ya aiki a nan. Ƙuri'a ta lalace."

Na huɗu da baƙaƙen Girkanci yake. Ta karanta sunan mijinta a fili, ba ko gezau. Maigida ya yi dariya, ya ce matarsa akwai barkwanci. Sai ta zaro biyun ƙarshe, ta ajiye su gefe da gefe a kan tebur. Kowa ya leƙa.

Dogon ne ya fara magana. Ya nuna ni ya ce, "Ai shi ma yana da gashin baki."

Gaskiya ne, ina da shi. A lokacin na bar wani ɗan siriri a ƙarƙashin hanci, irin na ma'aikatan reluwe. In aka ce zanen nawa ne, ƙuri'a huɗu ke nan a kaina, biyu ma daga hannuna da hannun tsohuwa.

Madam ta ɗauki tsingaro ɗaya, ta dube shi, ta dube ni, ta dubi mijinta. Ta yi shekara talatin da shi, ta san inda take taɓawa. Ta ce, "Haka ne fa. Ina ganin nasa ne. Ya ma fi kama da nasa."

Maigida ya miƙe. "Nasa?"

"To na wa?"

Ya fizge tsingaron, ya zo ya kara shi a gefen fuskata. "Ku duba nan. Ku duba da kyau. Wannan abin da ke ƙarƙashin hancinsa, ɓera ma zai ji kunyar fita da shi. Ina kaurin? Ina murɗin? Yaron nan ko ya shekara ɗari yana shafa mai ba zai tara rabin wannan ba." Ya maido tsingaron gefen tasa fuskar, ya ɗaga haɓa. "A duk jihar nan gashin baki ɗaya ne mai wannan siffa."

Madam ta ce, "Ka tabbata?"

"Ko makaho ya shafa ya sani."

"To kai uku ke nan. Shi yana da biyu."

Carbin ya tsaya cak a hannunsa. Ya dubi matarsa, ya dubi uwarsa, wadda ta riga ta koma naɗin ganyen inabinta kamar ba ta ɗakin. Sannan ya dube ni. Ni kuwa na sami wani abu mai ban sha'awa a jikin farcena. Har yau ban san ko faɗawa tarkon ya yi ko shiga ya yi da ƙafarsa ba, domin na ga kafaɗunsa sun sauka kamar wanda aka sauke wa buhu. Ya gyara kwat, ya murɗe gashin baki hagu da dama.

Ya ce, "Na gaya muku. Manya ake kora."

Madam ta yi masa rangwame a kan shekara goman. Ta ce daga gobe har zuwa bikin Istarsu, wadda ke faɗowa a bazara, kada ya tako cikin gidan abincin. Aikinsa mu uku za mu raba, saboda haka ba a sallamar kowa sai an ga abin da hali ya yi. Gidansa da gonarsa kuwa, bisa tsarin kakanni, ba wanda zai taɓa.

Washegari da safe ya kawo Madam da tsohuwa a mota, ya sauke su a bakin ƙofa, ya tsaya yana kallon ciki ta gilashi. Mutumin da bai taɓa zaman gida ba. Sai muka ga ya tsallaka titi, ya shiga wurin abokan gaba, ya sayi baƙin kofi, kofi ɗaya tak, irin wanda in ya ƙare ake ƙara wa mutum kyauta, ya zauna a bakin taga yana fuskantar mu. Haka ya yi kowace rana. Kuma Maigida ba ya zama bakinsa ya zauna. Duk wanda ya ajiye tire kusa da shi sai ya leƙa ya tambaye shi ko ya san abin da ke cikin naman nan, ko uwarsa ta san yana cin wannan, ko ya san su wa suka koya wa duniya cin abinci. Sannan ya nuna tsallake da carbi. Wasu don su huta da shi, wasu don su ga ko gaskiya ne, sai ga su suna tsallakowa. A wurinmu kuma ba mai ba su kyauta. Likitan Irving Park ya zo ya fara zancen tsibirai, Madam ta saurare shi har ƙarshe, ta miƙa masa takardar kuɗinsa.

Manajan tsallake, wani mai laƙataye, ya bugo wa Madam waya yana roƙo ta zo ta ɗauke mijinta. Ta ce ba ta da iko, jama'a sun yi magana.

Anti da dogon sun ɗan kwana biyu suna kauce wa idona. Ni na ce musu ba komai, siyasa ce. Dogon ne ma ya nemo ragon Ista a gonar wani maƙwabcinsa a McLeansville, Madam ta ce ni zan yanka don in samu in ci. Ranar da wa'adi ya cika, Maigida ya tsallako titi cikin kwat ɗinsa a hankali, yana ɗaga wa motoci hannu kamar wanda ya dawo daga yaƙi. Aka gasa rago a bayan kicin, aka rarraba dafaffen ƙwai da aka rina ja, kowa ya gwara nasa da na wani a ga wanda zai fashe. Na tsohuwa ya fasa na kowa. Maganar sallama ba a sake tayar da ita ba. Mai ɗakina ta sauka lafiya a ɗakuna biyun nan, na kuma ci gaba da tsayuwa a gaban ƙarfen suyar har ƙarshen shekarun tamanin, lokacin da suka sayar da wurin.

A ranar ragon, bayan an ci an ƙoshi, Maigida ya ja ni gefe. Ya zaro tsingaro biyun daga aljihun kwat, ashe yana ajiye da su.

Ya ce, "Ɗaya na mahaifiyata ne. Ɗayan fa?"

Na ce, "Maigida, ai ƙuri'a sirri ce."

"Wanne ne naka?"

Na nuna na hagu. Ya ɗaga shi sama ya duba a haske, ya girgiza kai.

Ya ce, "Na sani. Ka rage masa kauri."